Yadda malamin tattalin arziki a Gombe zai nemi kuɗin bincike, mataki-mataki

Binciken tattalin arziki ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko sinadarai masu tsada, shi ya sa wasu ke ɗauka biro da takarda sun ishe shi. Amma duk wanda ya taɓa tura matasa ƙauyuka su tambayi magidanta abin da suka noma da abin da suka sayar ya san akwai kuɗin mota, da alawus, da wayoyin ɗaukar bayani, da watannin da za a shafe ana tace alƙaluma. Albashin malami ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Wannan jagora na malamai ne da ɗaliban digiri na biyu da na uku a Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da ke jihar, da ma 'yan'uwanmu na Bauchi. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, kuɗin yana nan, kuma tambayoyin da ke bakin ƙofarmu sun isa su jawo shi idan an bi hanya.

Mataki na farko: san masu kuɗin da abin da kowa ke nema

A duniya, kafa biyu ce ke riƙe da binciken tattalin arziki: baitulmalin gwamnatoci da gidauniyoyin masu hannu da shuni. A Amurka akwai hukumar NSF da aka kafa a 1950, a Birtaniya akwai ESRC, Tarayyar Turai kuma tana da ERC tun 2007. Waɗannan kuɗin harajin mutanensu suke rabawa, don haka jami'o'insu suke bai wa. Malamin Gombe ba zai nema kai tsaye ba, sai dai ya shiga a matsayin abokin aikin wani malami na can.

Tamu kafar ta gwamnati ita ce TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Asalinta asusun harajin ilimi ne da aka kafa da doka a 1993, bayan gwagwarmayar ASUU a zamanin shugabancin Attahiru Jega, sannan dokar 2011 ta mayar da shi na manyan makarantun gwamnati zalla. Kuɗin daga ribar kamfanoni yake fitowa: an daɗe ana karɓar kashi 2 cikin 100, dokar kuɗi ta 2021 ta kai shi 2.5, ta 2023 ta kai shi 3, kafin sabuwar dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu haraji a cikin harajin raya ƙasa guda ɗaya. Jami'o'i ke ɗaukar rabin abin da ake rabawa, sauran rabin a raba tsakanin kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Mutanen yankin nan ba baƙi ba ne a wannan hukuma, domin Farfesa Suleiman Bogoro, ɗan jihar Bauchi kuma malami a ATBU, ya shugabance ta sau biyu, kuma ya shahara da matsa wa malamai lamba a kan bincike. TETFund na da taga biyu da suka shafe ka. Akwai IBR, ƙaramin tallafi da ake nema ta cikin makarantarka, wanda a baya ya shafe shekaru da dama iyakarsa naira miliyan 2. Akwai kuma NRF, asusun bincike na ƙasa, inda ake gasa da malaman Najeriya baki ɗaya, tallafin kuma ya fi na IBR yawa nesa ba kusa ba, yakan kai har naira miliyan 50.

Gidauniyoyi kuwa sun daɗe a ƙasar nan. Rockefeller ta taimaka wajen gina sashen tattalin arziki na Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, Ford na da ofis a Legas, MacArthur ta zuba kuɗi a ABU da BUK da Ibadan da Fatakwal. Sai dai manyan gidauniyoyi irin su Gates ba su cika sauraron malami shi kaɗai ba. Suna ba cibiyoyi kuɗi a dunƙule, cibiyoyin su rarraba. Saboda haka ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa su ne na tsakiya: AERC da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988 musamman domin masana tattalin arzikin Afirka, PEP, cibiyar binciken manufofin tattalin arziki, ita ma a Nairobi, wadda ta taso da tallafin IDRC ta Kanada, CODESRIA, majalisar binciken kimiyyar zamantakewa ta Afirka, a Dakar tun 1973, IGC ta jami'o'in LSE da Oxford, mai aiki da kuɗin gwamnatin Birtaniya, da J-PAL, wadda ke ba da kuɗin gwajin manufofi a fili kuma tana da ofishin Afirka a Jami'ar Cape Town.

Kowannensu da abin da yake saye. TETFund na son ganin amfanin ƙasa da horar da ƙananan malamai. AERC da PEP na gina mai binciken ne da kansa, shi ya sa suke haɗa ka da ƙwararru masu duba aikinka. IGC na son amsar da wani jami'in gwamnati ke jira. J-PAL na son gwaji inda aka ba wasu abu aka hana wasu ta hanyar ƙuri'a, sannan a auna bambanci. Takarda ɗaya ba za ta gamsar da su duka ba, kuma aika musu rubutu iri ɗaya ɓata lokaci ne.

Ka kuma riƙe cewa kuɗin waje yana bin siyasar gidansu. A 2021 Birtaniya ta rage tallafinta na ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, bincike da dama ya tsaya a tsakiya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje. Kada ka jingina da kafa ɗaya.

Mataki na biyu: tambaya kafin sanarwa

Yawancin takardun da ake watsarwa tun daga nan suke faɗuwa. Malami ya ga sanarwa saura mako biyu a rufe, sai ya ɗauko take irin “tasirin hauhawar farashi ga bunƙasar tattalin arzikin Najeriya daga 1981 zuwa yau”. Mai dubawa ya ga irin wannan take ba adadi, kuma duk wanda ke da alƙaluman Babban Banki zai iya rubuta shi daga Abuja ko Landan. Ba abin da ya sa sai kai.

Ga wadda sai kai. Kowa a Gombe ya san masara da wake sukan yi araha da kaka, su yi tsada idan damina ta yi nisa. Manomin Kumo ko Bajoga ya san haka sarai, amma yakan sayar da kaka, wani lokaci ya dawo ya sayi irin hatsin da ya sayar da ninkin kuɗi. Me ya sa? Bashin taki ne ke matsa masa? Kuɗin makaranta da bukukuwan aure ne suka haɗu da lokacin girbi? Tsoron ƙwari ne a rumbu, duk da buhun PICS mai ninki uku da aka yaɗa a Arewa? Ko kuwa ajiye hatsi a gida na jawo roƙon dangi da ba a iya cewa a'a? Kowace amsa na kai wa ga manufa dabam. Idan rashin kuɗi ne, rance a lokacin girbi ake buƙata. Idan ƙwari ne, ma'ajiya. Masana tattalin arziki uku, Burke da Bergquist da Miguel, sun gwada bai wa manoman masara rance da kaka a yammacin Kenya, sakamakon ya fito a 2019, suka ga manoman sun jinkirta sayarwa sun kuma ƙaru. Ko hakan zai yi aiki a wurin da mutane da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma wanda ke iya shiga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya zauna da dillalai ya fi kowa damar amsa ta.

Irin waɗannan suna da yawa: yadda cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sauya kuɗin dakon kaya daga ƙauye zuwa kasuwa, yadda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa ga masu POS, wa ke cin moriyar noman rani a ƙarƙashin madatsar Dadin Kowa, me ake tsammanin zai faru da filaye da aikin yi a kewayen Kolmani, inda aka gano man fetur. Kuma yankin ba sabon shiga ba ne a idon masana: Gombe na cikin wurare uku, tare da Funtuwa da Gusau, da Bankin Duniya ya fara shirin raya aikin gona a tsakiyar shekarun 1970, kuma binciken Christopher Udry a kan bashi a ƙauyukan kusa da Zariya har yau ana karanta shi a manyan jami'o'in duniya.

Gwada tambayarka haka: faɗa wa wani da bai karanta fanninka ba, cikin jimla biyu, da Hausa. Idan ya ce “to, sai me?” koma ka gyara.

Mataki na uku: fara da bayanan da ke kyauta

Ba wanda zai danƙa wa mutum miliyoyi bai ga aikin hannunsa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Bankin Duniya suna bin gidaje iri ɗaya a faɗin Najeriya tun 2010 a binciken da ake kira GHS-Panel, da tallafin gidauniyar Gates, kuma ana sauke bayanan kyauta bayan rajista. Akwai noma, da abin da gida ke ci, da bashi, da farashi a ciki. Sauke su, ka koyi manhajar nazarin alƙaluma irin Stata ko R (ita R kyauta ce), ka fitar da maƙala ɗaya mai kyau. Samfurin jiha guda a ciki ƙarami ne, bai isa a yanke hukunci a kan Gombe ita kaɗai ba, kuma wannan giɓin shi ne hujjarka ta neman kuɗin fita fili. Buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, da shafin Google Scholar, domin nan mai dubawa zai fara leƙawa.

Mataki na huɗu: hau tsani daga ƙasa

Je ofishin daraktan bincike na makarantarka da teburin jami'in TETFund, ka nemi ƙa'idojin IBR na bana a rubuce, saboda sharuɗɗa na sauyawa. Kwamitin makaranta ne ke tantancewa kafin a tura Abuja, kuɗin kuma kashi-kashi ake sakinsa, na gaba ba ya fitowa sai an ga rahoton na baya. Wasu na raina IBR saboda ƙanƙantarsa. Ni a ganina shi ne tallafi mafi daraja ga mai farawa: da shi za ka gwada takardar tambayoyinka a ƙauyuka kaɗan, ka san inda mutane ke ƙin amsawa, ka samu alƙaluman farko da za ka nuna wa manya.

Daga nan hanya ta rabu biyu. NRF na farawa da taƙaitacciyar takardar gabatar da ra'ayi. Waɗanda suka tsallake su rubuta cikakken furofozal, wato takardar tsarin binciken. Sannan a gayyace su su kare shi a gaban kwamiti. Tawaga ake so, mai haɗa fannoni da makarantu, a ƙarƙashin babban malami mai digirin digirgir. Idan kai ƙaramin malami ne, ɗauki ra'ayinka a shafi biyu ka kai wa wanda ya cancanta: “Ranka ya daɗe, ga wata tambaya da nake ta juyawa, na kuma yi ɗan gwaji da kuɗin IBR. Ina roƙon ka jagorance mu.” A wannan zaman, cikin ladabi, ku yi maganar wa zai yi wane aiki da yadda sunaye za su jeru a kan maƙala. Kunya a ranar farko takan zama rigima a ranar ƙarshe.

AERC kuwa tana taron bita sau biyu a shekara, inda za ka gabatar da furofozal, daga baya rahoton tsakiya, sannan na ƙarshe, kowanne a gaban ƙwararru da takwarorinka daga sassan Afirka. Sukar da ake yi a wurin tana da zafi, amma darajarta ta fi kuɗin tallafin. PEP na ba tawaga mai ba da shawara da zai bi aikin har ƙarshe, kuma tana dagewa a kan ganin mata da matasa a cikin tawaga. Malamai mata su lura da wannan: cibiyoyin nan da gaske suke nemanku, kuma a binciken gidaje a ƙasar Hausa mace na shiga inda namiji zai tsaya a zaure.

Mataki na biyar: rubutun

Mai dubawa malami ne irinka, da tarin takardu a gabansa da ƙarancin lokaci. Sakin layi na farko ya faɗi tambayar, da wurin, da dalilin da ya sa amsar za ta sauya wani abu. Kada ka ɓata shafi biyu wajen bayyana cewa noma ne ƙashin bayan tattalin arziki; ya sani.

Sashen da ake cin nasara ko a faɗi shi ne na hanyar bincike. Idan ka ce manoman da suka ajiye hatsi sun fi samun kuɗi, nan take za a tambaye ka: ajiyar ce ta sa suka samu, ko da ma masu hali ne shi ya sa suka iya ajiyewa? Dole takardarka ta nuna yadda za ka raba waɗannan biyun, ko da ƙuri'a, ko da bin gidaje iri ɗaya kafin da bayan wani sauyi, ko da kwatanta ƙauyukan da abu ya shafa da waɗanda bai shafa ba. Faɗi gidaje nawa, a ƙananan hukumomi nawa, da yadda za ka zaɓe su. Faɗi abin da hanyarka ba za ta iya nunawa ba, domin masu dubawa sun fi amincewa da wanda ya san iyakarsa. Idan akwai wasiƙar goyon baya daga ma'aikatar gona, ko ta kasafi da tsare-tsare, ko ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi, haɗa da ita.

Bi ƙa'idar shafuka da haruffa yadda aka gindaya. Ba wa mutum biyu su karanta, ɗaya na fanninka, ɗaya na waje. Ka tura kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, don wuta da intanet ba su san ranar rufewa ba.

Mataki na shida: kasafi

Kasafi daga aiki ake ciro shi. A ce gidaje 400 za ka tambaya, kana da masu tattara bayanai 8, kowa na gama gida 5 a rana. Kwana 10 ke nan a takarda. Ƙara kwanakin horo, da ranar gwaji, da ranar kasuwar ƙauye da ba za ka tarar da kowa a gida ba, da Juma'a da aiki ke zama na rabin yini, da ranar da ruwa zai cinye hanya. Ƙara mai sa ido a kan kowane rukuni, da kuɗin mota ko babur, da fassara tambayoyi zuwa Hausa da Fulfulde, ko Tangale ko Tera ko Waja gwargwadon inda za ka, da batirin ajiyar caji, da kuɗin data. Manhajar tattara bayanai a waya mai suna KoboToolbox kyauta ce ga ƙaramin aiki, kuma tana aiki ba intanet, sai an dawo gari a tura. Idan kakar girbi da tsakiyar damina kake kwatantawa, fita biyu za ka yi, kasafin ma ya nuna biyu.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na ɗaya, faɗuwar darajar kuɗi: tsakanin rubuta kasafi da fitowar kashin farko ana iya shafe watanni, kuma wanda ya yi lissafi kafin Mayu 2023 ya ga abin da ya faru da kuɗin mai. Sanya kason ko-ta-kwana idan ƙa'ida ta yarda. Na biyu, kason makaranta na kula da tallafi. Masu bayarwa na da iyaka. Gates, alal misali, ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ga jami'o'in da ke wajen Amurka. Tambayi ofishin ma'ajin makarantarka tun kafin ka tura: nawa suke cirewa, wane asusu kuɗin waje ke shiga, wa ke sa hannu, kwana nawa takarda ke ɗauka.

Mataki na bakwai: izini da shiga fili

Nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarka kafin ka tambayi mutum ko ɗaya. Cibiyoyin waje ba sa sakin kuɗi sai da ita, manyan mujallu ma na tambaya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka: sunaye da lambobin waya a ajiye su dabam da amsoshi.

Sai izinin da ba a rubuta a ƙa'idar kowa ba. Gaida hakimi, ya haɗa ka da dagaci da masu unguwa. A kasuwa, fara da shugabannin 'yan hatsi. Tambaya ta farko da za ka ji ita ce, “Malam, tallafi za a kawo mana?” Amsa ta zama gaskiya: “A'a, Alhaji, bincike ne na jami'a. Ba ruwanmu da haraji, ba kuma rabon kaya. Abin da muka gano za mu dawo mu faɗa muku.” Idan ka bari suka ɗauka rajistar tallafi ce, kowa zai zama matalauci a takardarka, idan suka ɗauka haraji ne, ba wanda ya sayar da ko buhu ɗaya. Ka kuma tafi da sikeli. Mudu da tiya da buhu ba nauyinsu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, buhun ɗan kasuwa ma ya fi na manomi cika. Auna su a kowane wuri ka rubuta, in ba haka ba bambancin farashin da za ka gani na ma'auni ne.

Mataki na takwas: abokan aiki na waje da 'yancin sakamako

Wata rana saƙo zai zo daga wata jami'ar Turai ko Amurka ana neman “abokin aiki na cikin gida”. Dama ce mai kyau, amma tambayi matsayinka a fili. Kwangilar tattara bayanai halas ce, ana biya a wuce. Haɗin gwiwar bincike kuwa na nufin kana cikin tsara tambaya, kana da damar amfani da bayanan, sunanka na kan maƙala. A rubuta wanda aka amince a kai. Abin yana min ciwo in ga wanda ya yi watanni a rana yana bin gidaje, ya kuma fi kowa fahimtar abin da amsoshin ke nufi, an gode masa a layi ɗaya a ƙasan shafi.

Karanta yarjejeniyar tallafi ka nemi sashen wallafawa. Mai kuɗi na da haƙƙin zaɓar fannin da zai tallafa, da ganin rahoto kafin ya fita. Ba shi da haƙƙin hana ka faɗin cewa shirin da yake ƙauna bai yi aiki ba. Tun 2012 ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ta wajabta wa masu wallafa a mujallunta bayyana wanda ya biya kuɗin bincikensu. Kai ma ka bayyana naka a kowace maƙala, ko ba a tambaye ka ba. Idan gwaji za ka yi, rubuta abin da za ka auna a rajistar gwaje-gwaje kafin ka ga sakamako, don ta zama kariya gare ka idan matsi ya zo.

Mataki na tara: rufe aiki

Ajiye rasit tun ranar farko. Ɗan acaɓa da mai lodi ba su da rasit, don haka buga takardar biyan kuɗi mai wurin suna da sa hannu ko dangwale, ka ɗauki hotonta a ranar. Malamin da bai ba da bahasin kuɗin TETFund ba yana iya tsayar da kason abokan aikinsa, ba nasa kaɗai ba.

Wajen wallafawa, guji mujallun da ke alƙawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya. Masu ba da tallafi sun san su, kuma suna rage maka daraja. Nufi irin Journal of African Economies, ko African Development Review ta Bankin Raya Afirka, ko mujallar ƙungiyar masana tattalin arziki ta Najeriya, ƙungiyar da ke nan tun 1957. Bayan maƙala, rubuta shafi biyu ga ma'aikatar da ta ba ka wasiƙa, ka nemi fili a gidan rediyo ka yi bayani da Hausa, ka koma wurin shugabannin kasuwa da dagatai kamar yadda ka yi alƙawari. Idan kuwa an ƙi takardarka tun a matakin nema, roƙi sharhin masu dubawa inda ake bayarwa, gyara sashen da suka soka, ka duba kalandar AERC da PEP da NRF don sanarwa ta gaba.